Tambayi Likita: Ƙiba Tun Ƙuruciya, Rage Ci ko Tiyata?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ƙiba suka zo. Mun zaɓi shida, likitan cikin jiki da likitan tiyata da mai ba da shawara kan abinci suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, 'ya'yana biyar. Tun ina 'yar firamare nake da jiki, haka mahaifiyata take. Yanzu nauyina kilo 118, tsayina mita 1.62. Na sha rage abinci, in sauke kilo 8 ko 10, bayan 'yan watanni ya dawo har da ƙari. Gwiwoyina sun fara ciwo. 'Yan gida suna cewa kwaɗayi ne da rashin haƙuri. Ina mafita? (Wata uwa daga Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Mu fara da lissafi. Akwai ma'aunin da likitocinmu ke rubutawa IMC a katin asibiti, wasu kuma BMI. Ana ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Naki 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, a raba 118 da shi, ya kama 45. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba, daga 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani wadda ake ɗauka ciwo ne mai buƙatar magani kamar hawan jini.

Dawowar nauyin da kike gani ba rashin haƙuri ba ne, jikin ne yake kare kitsensa. Kitse yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda aka gano a 1994, aikinsa sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Da kin rame sai leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga. Tumbi kuma ya ƙara fitar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, jiki ya rage ƙarfin da yake ƙonawa ko kina zaune. Wannan hali yana iya ɗaukar fiye da shekara bayan an rame. Shi ya sa wadda ta yi wata biyu tana shan ruwan zafi da lemon tsami ba ta cin komai sai dare, ranar da ta gaji za ta ci fiye da da, a jikin da ya koyi tsimi.

Kafin komai ki je asibiti a auna hawan jini, sukarin jini kafin karin kumallo, kitsen jini, aikin hanta da na ƙoda, da na tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai tsara yadda jiki ke ƙona abinci. Ki tafi da duk maganin da kike sha, har na gargajiya.

Sannan ki sa burin da za a iya riƙewa: kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki a wata shida, wato kilo 6 zuwa 12, rabin kilo a mako. Ko wannan kaɗai yana sauke hawan jini da sukari, gwiwa ma ta samu sauƙi. Rabin kilo a mako yana buƙatar rage kusan kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma a gidajenmu wuri uku yake ɓuya. Na farko mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko na auduga ko manja kalori 120 ne, lita ɗaya ta haura 8,000. Gidan mutum takwas da ke cinye lita a kwana uku, kowa yana shan fiye da 300 a rana bai sani ba. Ki daina tsiyaya mai daga jarka kai tsaye cikin tukunya, ki riƙa aunawa da cokali. Na biyu abin sha: shayi, lemon kwalba, zoɓo mai sukari, kunun gyaɗa, fura da aka dama da sukari. Na uku girman malmala.

Kada ki bar tuwo, ki rage shi. Ki ɗebi naki a faranti daban, domin mai ci a kwano ɗaya da mutum biyar ba ta san iyakar abin da ta ci ba. Tuwon dawa ko gero gwargwadon dunƙulen hannunki, miyar ganye mai yawa (yakuwa, zogale, tafasa, kuɓewa, kuka), da kifi ko nama ko wake gwargwadon tafin hannu. Kifin tafkin Lagdo gasasshe ko dafaffe ya fi soyayye nesa. Da safe ƙwai biyu dafaffu ko kindirmo marar sukari sun fi fanke da burodi riƙe ciki. Tafiya kuma minti 30 sau biyar a mako, bayan Asuba ko bayan Magariba saboda zafi, ko da zagaya tsakar gida ne. In gwiwa ta hana, ki raba shi minti goma-goma.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye miki ba ita ce, a IMC 45 kaɗan ne ƙwarai ke sauke kilo 30 ko 40 da gyaran abinci kaɗai su kuma riƙe shi shekaru. Kina cikin waɗanda ya dace a yi musu maganar tiyata. Ki karanta amsa ta huɗu da kyau.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Kusiri. Nauyina 104, tsayina 1.75. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da ciwon sukari, ina shan metformin da gilibenkilamid. Abinci ba na ci da yawa, shayi ne dai ba na iya bari. Matata tana cewa minsharina ya yi yawa. (Wani direba daga Ngaundere)

Amsa: Malam, IMC ɗinka 34. Ƙirga ƙwayoyin sukarin da ke shiga shayinka. Kowace ƙwaya kusan giram 5 ce. In kana shan kofi biyar a rana, kowanne da ƙwaya huɗu, giram 100 ke nan, kalori 400, ninki biyu na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mai lafiya, balle mai sukari. Lemon kwalba kuma kowace lita tana ɗauke da giram 100 ko fiye. Ka rage ƙwaya ɗaya a kowane kofi duk mako har ka kai ga babu, harshe yana sabawa.

Akwai labari mai daɗi ga irinka. A wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2017, an sa masu ciwon sukarin da bai wuce shekara shida ba a kan tsarin rage nauyi mai tsauri. Bayan shekara ɗaya kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin ɗari. Ciwonka sabo ne, ƙofar a buɗe take.

Amma abu biyu muke tsoro. Gilibenkilamid yana sauke sukari ko ka ci ko ba ka ci ba. In ka rage ci kana shan adadin da ka saba, sukari zai iya faɗuwa kana kan sitiyari: gumi, rawar hannu, duhun gani, ruɗewa. Ka ga likitanka ya gyara maganin kafin ka fara, kuma kada motarka ta rabu da ƙwayoyin sukari uku ko huɗu na gaggawa. Na biyu minsharin. Ka tambayi uwargida ko numfashinka yana ɗaukewa cikin barci sannan ka farka da shaƙewa. In haka ne, kuma kana gyangyaɗi da rana, maƙoshi ne ke rufewa saboda kitsen wuya. Ga mai gangara dutsen Ngaundere da tirela wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka faɗa wa likita a zuwan farko.

Tambaya: Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp yana aiki? Allurar nan ta mako-mako fa? (Wata ɗaliba daga Marwa)

Amsa: Shayin, 'yar'uwa, yawancinsa maganin zawo ne ko na fitsari. Sikeli zai nuna kin ragu da kilo biyu, ruwa ne ya fita, kitsen yana nan, ƙoda ce ke wahala. An sha kama irin waɗannan kayan da sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ɗamarar matse ciki ma gumi kawai take sawa.

Allurar dabam ce. Semagulutid, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, tana rage yunwa da gaske, a gwaji mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a wata 16. Sai dai tana da tsada, tana sa tashin zuciya, ba a yi wa mai ciki, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. Tana son firji, ga zafin Marwa na Maris da Afrilu ga ɗaukewar wuta. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. In ba likita ne ya rubuta aka saya a famasi mai lasisi ba, kada ta taɓa jikinki.

Tambaya: Matata tana da nauyin kilo 130 da ciwon sukari da hawan jini. Wani ya haɗa mu da asibiti a Tunisiya, sun ce kwana biyar an gama, mu dawo gida. Me ake yi a aikin nan? Yana da haɗari? (Wani ɗan kasuwa daga Njamena)

Amsa: Alhaji, madalla da ka tambaya kafin ka biya. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta tun 1991 ita ce IMC 40, ko 35 tare da ciwo irin sukari. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35 ko babu wani ciwo, da 30 ga mai sukarin da ya ƙi jin magani. Da alama Hajiya ta cika sharaɗi.

Aiki biyu aka fi yi, dukansu ta ƙananan huji huɗu ko biyar a ciki, da kyamara, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Na farko silib: a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a ɗinke sauran da ƙananan ƙusoshin ƙarfe ya zama siriri kamar ayaba, yana ɗaukar abin da bai wuce rabin kofi ba. Ɓangaren da aka cire shi ne mai fitar da yawancin sinadarin yunwa. Ba a mayar da shi har abada. Na biyu baifas: a ware 'yar jaka a saman tumbi, mai ɗaukar kamar cokali biyu, a jona ta da hanji can gaba, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Baifas ya fi ƙarfi a kan ciwon sukari, shi kuma ake zaɓa wa mai fama da ƙwannafi, domin silib yana iya ƙara ƙwannafin. Amma baifas ya fi jawo ƙarancin bitamin da na jini. Tsotse kitse da ake yi don gyaran sura ba ya cikin wannan sahu, ba ya maganin sukari ko hawan jini.

Abin da za ku sa rai: sauke kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyi cikin wata 12 zuwa 18. Daga 130 za ta tsaya wajen 90 zuwa 98. Ba za ta koma siririya ba, amma da yawa sukan rage maganin sukari ko su daina. Babban binciken Suwidin da aka fara a 1987 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun fi takwarorinsu da ba a yi wa ba tsawon rai da kusan shekara uku. A hannun ƙwararru masu yin sa kullum, mutuwa sanadin aikin ba ta wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu.

Kafin aiki sai an leƙa tumbi da kyamara, in akwai ƙwayar cutar gyambon ciki a kashe ta. A auna jini, bitamin, ciwon hanta, zuciya, a daidaita sukari. Mai shan taba ko shisha ya bari aƙalla mako shida. Mako biyu na ƙarshe ana cin abinci kaɗan marar mai da sitaci domin hanta ta motse, likita ya samu wurin aiki. Asibitin da bai tambaye ku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗin kawai ya tambaya, ku nemi wani.

Maganar kwana biyar ita ce ta fi damun mu. Mafi munin abin da ke faruwa shi ne ɗinkin ya yi yoyo, abin cikin tumbi ya zuba cikin ciki. Yana samun mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, galibi a mako biyu na farko, wato lokacin da kuka riga kuka sauka Njamena. Alamunsa bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, numfashi sama-sama, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu. A nan gida duk zazzaɓi sunansa na cizon sauro, sai a yi kwana uku ana allurarsa, ciki yana ruɓewa. Duk zazzaɓin da ya zo a watan farko bayan aiki, a ɗauke shi yoyo ne sai hoton sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ya ƙaryata. Haɗari na biyu daskarewar jini a ƙafa, gudan ya tafi huhu, kuma doguwar zama a jirgi tana ƙara shi. Ku zauna kusa da asibitin kwana 10 zuwa 14, ta riƙa tafiya tun ranar aiki, ta yi allurar tsinka jini iya kwanakin da aka rubuta.

Kada ku tashi sai kun samu likitan tiyata a Njamena da ya yarda zai karɓe ta in wani abu ya taso, da wanda zai riƙa duba jininta a wata 3, 6, 12, sannan duk shekara. Ku karɓo cikakken rahoton aikin da Faransanci ko Larabci, da lambar da za a samu wanda ya yi aikin. A lissafin kuɗi ku sa bitamin na tsawon rai.

Cin abinci bayan aiki hawa-hawa ne. Mako biyu na farko ruwa-ruwa zalla: romo tatacce, madara, kindirmo mai ruwa marar sukari, kurɓi-kurɓi. Mako biyu na gaba abin da aka niƙa laushi, irin faten wake da kifi. Sannan mai taushi, ƙwai da kifi da alale. Wajen mako na shida zuwa takwas ta koma abincin gida, loma ƙanana, tauna sosai. Kilishi, tsire da burodi su jira, suna maƙalewa. Furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ne farko a kowane ci, giram 60 zuwa 80 a rana: ƙwai ɗaya yana da 6, kofin kindirmo 8, kifi giram 100 kusan 20. Ruwa lita ɗaya da rabi, amma ba tare da abinci ba, sai bayan minti 30. Ibuprofen da dikilofenak, waɗanda ake saya a kan tebur don ciwon jiki, suna huda wurin jonin, ta tsaya a farasitamol.

Aikin yana lalacewa ta hanyar abin sha. Ƙaramin tumbi yana hana malmala biyu, amma ba ya hana fura, kunu, shayi mai sukari da lemo, suna wucewa salin-alin. Mai baifas in ta sha zaƙi da yawa takan ji jiri, gumi, bugun zuciya da zawo cikin rabin awa. Mai silib sau da yawa ba ta jin komai, sai bayan shekara biyu ko uku a ga nauyi yana hawa. Nan ne aikinka, Alhaji: girkin gidan gaba ɗaya ya canza, kuma a hana masu zuwa dubiya dura mata kunu don sun ga ta rame.

Tambaya: Kafin bikina ƙawaye suka ba ni ƙwayoyin sha ka fashe don in yi jiki. Shekara ɗaya da rabi ina sha. Fuskata ta kumbura, cikina ya yi girma da jan zane-zane, ƙafafuna sun sirance. In daina yau? (Wata amarya daga Kusiri)

Amsa: A'a, ƙanwata, kada ki daina lokaci ɗaya. Alamun da kika faɗa na dekisametazon ne, maganin da ke kwaikwayon kotizol, sinadarin jiki mai taimakawa wajen riƙe ƙarfin jini. Ana yawan haɗa shi da sifiroheftadin mai buɗe ciki. Wanda ya daɗe yana shan dekisametazon, jikinsa ya daina yin nasa sinadarin kotizol. In aka yanke kwatsam jini yana iya faɗuwa, a yi amai, a suma, har a rasa rai. Ki ɗauki fakitin ki kai wa likita a wannan makon, zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, ya auna sukari da hawan jini da ido. Kumburin fuska da na ciki sukan sauka bayan an daina, zanen fata yakan dushe amma ba ya ɓacewa duka. Tiyatar rage ƙiba ba taki ba ce.

Tambaya: Wata huɗu da yi mini silib a Turkiyya. Na sauke kilo 24, alhamdu lillahi. Amma gashina yana zuba, kuma mako uku ke nan kusan duk abin da na ci sai na amayar. Ƙafafuna suna yi mini kamar ana tsira allura. Zan iya azumin bana? Yaushe zan iya ɗaukar ciki? (Wata malamar makaranta daga Garwa)

Amsa: Malama, zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne da aka saba gani, yana tsayawa da kansa in furotin da sinadarin ƙarfe da zinki sun isa. Azumi ki bar shi bana. Tumbinki ba zai iya ɗaukar ruwan yini guda tsakanin Magariba da Asuba ba, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame, ki tambayi malami yadda za ki rama. Ciki kuma ki jira wata 12 zuwa 18, sai nauyi ya tsaya. Ki kula, haihuwa tana dawowa da wuri bayan an rame, ko ga wadda ta daɗe tana nema. Da amai irin naki ƙwayar tsarin iyali ba abin dogaro ba ce, ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi.

Aman da tsirar ƙafar su ne ba za su jira ba. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku, kuma kin kai wannan iyaka. Ƙarancinsa yana fara taɓa jijiyoyin ƙafa, daga nan ya hau ƙwaƙwalwa: tangaɗi a tafiya, gani biyu-biyu, mantuwa, wani lokacin ba ya gyaruwa. Ki je babban asibiti yau, da rahoton aikinki a hannu. Ki faɗa musu an yi miki tiyatar tumbi kuma kina amai mako uku, a yi miki allurar B1 ta jijiya kafin a ɗaura miki ruwa mai sukari, domin ruwan sukari a jikin da B1 ya ƙare yana gaggauta lalacewar ƙwaƙwalwa. A auna gishirin jini, B12, ƙarfe da bitamin D. Bayan haka a yi hoton haɗiya ko a leƙa da kyamara, a ga ko tumbin ya ƙuntata ne ko ya murɗe a tsakiya. In ƙunci ne, sau da yawa ana buɗa shi da balan-balan ta baki ba sai an sake yanka ba.